Zan sayi a-kori-kura ta hannu: me zan duba, kuma yaya zan riƙe ta?

Malam, abin da na fahimta daga tambayarka shi ne kana da 'yar sana'a mai buƙatar ɗaukar kaya, yau kayan gini, gobe tankin ruwa zuwa gona, kuma kana so idan tafiya ta kama motar ta kwashe iyali. Ka tsayar da shawara a kan a-kori-kura ta hannu. Kana tambaya: mai fetur ko mai dizal, mai fowil (wato mai jan tayoyi huɗu duka) ko marar fowil, me za ka duba kafin ka biya, sannan yaya za ka riƙe ta idan ta zama taka.

Na daɗe ina kwanciya a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, don haka bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Kilo nawa za ka riƙa ɗora mata? Yawancin waɗanda ake kawo min a lalace lodi ne ya gama da su tun kafin tsufa ya zo. Mutum ya ga buɗaɗɗen baya, sai ya ɗauka duk abin da ya samu wurin zama motar za ta iya da shi.

Kowace mota tana da 'yar farantin ƙarfe ko takarda a manne, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a cikin bonet, kuma maganar tana cikin littafinta. A nan za ka ga lambar da ake rubuta wa GVM ko GVWR, wato iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai gaba ɗayanta, ita da duk abin da ke kanta. Cire nauyin motar wayam daga wannan lamba, abin da ya rage shi ne rabonka. Mu ƙaddara farantin ya ce kilo 3,000, motar kuma babu kowa babu komai kilo 2,050 ce. Saura 950. Yanzu zuba mata maza biyar, kowanne kilo 75, an tafi da 375. Akwai ƙarfen kariya da mai ita na baya ya ɗaura a gaba, da rumfar baya, da akwatin kayan aiki, a ce 120. Abin da ya rage maka 455. Buhun siminti mai kilo 50 guda tara ke nan, ba ƙari. Motar da aka ce maka tana ɗaukar tan guda! Ba ƙarya aka yi maka ba, sai dai ba a gaya maka cewa kai kanka kana cikin lissafin ba.

Tankin ruwan nan naka ya fi komai damuna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 tan guda ne cur, ban da nauyin tankin. Kuma ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Idan tankin bai cika ba, ka taka birki ruwan ya taho gaba ya ingiza ka, ka sha kwana ya koma gefe. Yashi ma haka yake yaudarar ido: mita ɗaya ta kowane ɓangare, tsawo da faɗi da zurfi, ta kan kai tan ɗaya da rabi idan busasshe ne, jiƙaƙƙe kuwa ya wuce nan. Idan kuma za ka ja tirela, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta yana sauka ne a kan maratayin da ke bayan motar, shi ma a cikin rabon nan za ka cire shi.

An taɓa kawo min wata mai ƙofa huɗu, fenti na ƙyalli, inji lafiya lau. Mai ita ya ce shi dai ya lura ratar da ke tsakanin gidan direba da akwatin baya ta buɗe daga sama, har hannu yana shiga. Da na tsaya daga gefe na kalle ta sai na ga ta ranƙwafa kamar jakin da aka yi wa mangala biyu. Shasi, wato ƙarfen ƙasa da aka gina motar a kansa, shi ne ya lanƙwashe daidai bayan gidan direba. Tanki yake ɗorawa can ƙarshen akwati, kusa da marfin baya, don ya ji daɗin saukewa, ya bi hanya mai gargada da gudu. Kuma da sifirin ɗin baya, wato jerin ganyayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyi, ya fara kwanciya sai wani ya ba shi shawara ya ƙara masa ganye biyu. Ƙarin ganyen ya ɗaga bayan motar, ido ya ga kamar an warke, amma shasi da aksul (ƙarfen da tayoyin baya ke jikinsa) da birki da taya duk suna nan yadda kamfani ya yi su. Nauyin da sifirin ya daina shanyewa sai ya koma kan ƙarfen da ba ya lanƙwasa ya dawo.

Wannan ya kawo mu kan zaɓin gida. Mai ƙofa huɗu akwatinta gajere ne, wajen mita ɗaya da rabi, kuma kaso mai yawa na akwatin yana bayan aksul ne. Mai ƙofa biyu akwatinta ya haura mita biyu, kaya suna zama a kan aksul da gabansa, inda ya dace. Tunda kana son iyali su shiga, mai ƙofa huɗu za ka saya, amma ka saya da sanin cewa ka sayar da wani ɓangare na ƙarfin lodi ka sayi kujeru. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan tan guda za ka riƙa ɗauka kullum, gaskiya ka nemi mai ƙofa biyu ko ƙaramar babbar mota, iyali a nema musu wata dabarar. Mutane kuwa ba a zuba su a akwatin baya, babu bel babu rufi, birki ɗaya ya isa.

To, fetur ko dizal. Injin dizal yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, kuma da kaya a kai ya fi tsimin mai nesa ba kusa ba. Wanda ke doguwar tafiya da lodi ko jan tirela, dizal ne nasa. Sai dai dizal ɗin zamani ba irin na da ba ne da ake cewa ko me ka zuba masa zai sha. Na yanzu famfonsa yana matsa mai da ƙarfin da ya haura bar 1,500 (bar ma'aunin matsi ne), sababbin ma 2,000 ko fiye, alhali iskar tayarka ba ta wuce bar biyu zuwa uku. A irin wannan matsi, ɗigon ruwa ko ƙurar da ido ba ya gani sun isa su cinye nozul (bakin da ke fesa mai cikin inji) da famfo, kuma gyaransu na daga cikin mafi tsada a jikin motar. Da yawa daga cikin sababbin kuma suna da matatar hayaƙi a salansa wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin hayaƙi, sai an yi tafiya mai ɗan nisa salansa ya yi zafi sosai sannan ta ƙone shi. Motar da kullum daga gida zuwa shago take, minti goma a kashe, matatar toshewa za ta yi. Tana kuma son dizal mai ƙarancin sulfa da baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka.

Injin fetur ya fi shan mai, ba musu, amma yana da haƙuri da gajeriyar zirga-zirga, kuma gyaransa bai kai na dizal ɗaukar rai ba. Ni dai ra'ayina, idan tafiyarka ta yau da kullum gajeriya ce, kuma ba ka da tabbacin tsabtar dizal ɗin da za ka riƙa samu, ɗauki mai fetur ka huta.

Maganar fowil gajeriya ce. Idan hanyar gonar tana da taɓo ko yashi mai zurfi ko hawa mai santsi, kana buƙatarsa. Idan ba haka ba, ƙarin nauyi ne da ƙarin shan mai da ƙarin abin lalacewa. Abin da za ka riƙe shi ne yawancin a-kori-kura fowil ɗinsu na sakawa da cirewa ne: 2H na kwalta, 4H na ƙasa mai santsi, 4L na inda ake rarrafe. Idan ka saka 4H, gaba da baya a ɗaure suke su juya daidai wa daida, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A kan ƙasa taya na ɗan zamewa ta sauke wannan bambanci. A kan busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗe juna, sitiyari ya yi tauri, daga ƙarshe wani abu ya karye. Akwai waɗanda aka yi su don su jure, irin tsarin Super Select na Mitsubishi, amma kada ka ɗauka taka tana ciki sai littafinta ya faɗa.

Ba ka tambayi suna ba, amma na san yana ranka. Toyota Hilux tana kasuwa tun 1968, Mitsubishi L200 tun 1978, Isuzu D-Max tun 2002, ga Ford Ranger da Nissan Navara, a Amurka kuma manyan Ford F-Series tun 1948. Duk sun yi aiki sun nuna kansu. Amfanin tsohon suna shi ne kayan gyara ba sa wuya kuma makanikai sun san cikinta. Ka zaɓi wadda kayanta da masu gyaranta ke kusa da kai. Amma suna ba ya hana tsatsa. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasantawa ta kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar shasi a motocin Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Idan hakan ta faru da su, babu tambarin da zai sa in ƙi leƙa ƙarƙashin mota.

Saboda haka ranar duba mota, ka je da tocila da ƙaramar guduma da tabarmar kwanciya, ka fara daga ƙasa. A-kori-kura a kan shasi aka gina ta, dogayen ƙarafa biyu da 'yan gajeru a tsakani kamar tsani, bodi kuwa ɗora shi kawai aka yi. Inji ana sauke shi a sa wani, giyabos ma haka, amma shasi idan ya tafi motar ta tafi. Bi shi daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska. Tsatsar sama-sama mai launin ja ba komai ba ce. Wadda ke tashi ɓawo-ɓawo ko ta huda ita ce matsala. Ka matsa wa wuraren da sifirin ke ratayawa, da saman inda safaya taya take, da bayan gidan direba. Motar da ta yi zama a ƙasar da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko a bakin teku, daga ciki take ruɓewa, don haka ka haska tocila ta ramukan ƙarfen. Idan ka ga walda ko faci a shasi, ko baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota, tambayi dalili. Ba a yi wa ƙarƙashin mota kwalliya don Allah.

Kana nan kwance, dubi sifirin. Ya kamata ya yi ɗan baka. Idan ya miƙe sumul ko ya juya ƙasa alhali babu kaya, ta sha lodi. Akwai 'yar roba a saman aksul da ke hana ƙarfe bugun ƙarfe. Idan ta murƙushe ko wurin da take bugawa ya yi sheƙi, motar ta saba tafiya a durƙushe. Dubi shokazoba ko tana tsiyayar mai, kama furofela, doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ka girgiza ka ji ko tana da wasa, duba bayan tayoyi ko man aksul yana fitowa. Sannan ka tashi ka dubi ƙasan akwatin: lotsawa da kwarmi suna faɗin irin aikin da ta yi. Idan an shimfiɗa roba a kai, ɗaga ta.

Inji kuma a sanyi ake duba shi. Gaya wa mai sayarwa kada ya tayar kafin ka zo, idan ka iso ɗora hannu a kan bonet. Ka ji ɗumi, ka san an riga ka. Injin da ke da wahalar tashi da safe, da zarar ya yi zafi sai ya ɓoye halinsa. Sa wani ya tayar kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi mai yawa mai ne ya fi iska, ko nozul ko tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ko matatar iska. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ana zargin ruwa na shiga, wato gasket, ko kuma a dizal nozul ba ya fesawa daidai. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: idan ka ga abu fari-fari mai kauri a jikinsa, ka binciki ko ruwa ya haɗu da mai. Inji yana aiki, ɗora murfin a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. Ɗan motsi ba laifi, amma idan iska tana cilla shi sama tana huci kamar tukunya, ringin fistin sun gaji. Leƙa ruwan lagireto tun inji na da sanyi, kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi.

Lambar mita kada ta ruɗe ka, ana juya ta. Robar feda da sitiyari da gefen kujerar direba sun fi ta gaskiya. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta zama iri ɗaya a jikin ƙarfe da farantin ƙofa da takardu. Idan ta saɓa ko ka ga alamar an goge an sake bugawa, tashi ka tafi, komai araha. A sa mata kwamfuta a karanta abin da ke ciki, domin ana goge fitilar gargaɗi kafin mai saye ya zo. Wajen kunna makulli ka tabbata duk fitilun dashbod sun kawo sannan sun ɗauke, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya.

Sai tuƙi, kuma kai za ka tuƙa, rediyo a kashe. Shiga kowace giya. A mai kuloci, saka babbar giya a ƙaramin gudu ka taka totur. Idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. A mai otomatik ka saurari fizga ko jinkiri wajen canji. Kukan da ke tashi daga baya yana ƙaruwa da gudu, aksul ne ko boris. Nemi fili mai ƙasa ka gwada 4H da 4L, ka tabbata suna shiga suna fita. Wanda ya hana ka gwaji ko ya hana ka zuwa da makanikinka, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Riƙo kuma ba wani sirri ba ne, sai dai akwai wuraren da ake mantawa. Littafin yawancin motoci yana da jadawalin sabis iri biyu, na tuƙin yau da kullum da na aikin wahala: ƙura, lodi, jan tirela, gajerun tafiye-tafiye. Taka a na biyun take, kuma sau da yawa tazararsa rabin ta farkon ce, inda aka ce kilomita 10,000 sai ya koma 5,000. Matatar iska a wurin ƙura duba ta akai-akai, kuma idan ta gaji canja ta, yawan bugun ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar. A dizal matatar mai tana da wurin tara ruwa a ƙasanta da fitilar gargaɗi. Ta kawo, tsaya ka tsiyaye, kada ka ce sai gobe. Bayan doguwar tafiya ko hawa da kaya, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe, tobo ya huce.

Abin da aka fi zalunta shi ne man aksul da na giyabos da na akwatin fowil, saboda ba a ganinsu. Aksul yana da 'yar hanyar shaƙar iska a samansa. Idan ka shiga ruwa mai zurfi da shi yana da zafi, sai ya huce farat ɗaya ya zuƙo ruwa ciki. Bayan duk ƙetare ruwa irin wannan a kwance a duba, man da ya koma fari-fari a zubar. Furofelar da ke da kan giris a ba ta giris a kowane sabis. Man birki yana shan danshi, ana canja shi duk shekara biyu ko da motar ba ta yi tafiya ba. Taɓon da ya maƙale a cikin shasi kuma a wanke shi, shi ne ke riƙe laima har tsatsa ta samu gindin zama.

Ka san ko injinka bel ne ke juya taiminsa, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ko sarƙa. Misali a Hilux, tsofaffin injinan dizal 2KD da 1KD bel gare su, ana canja shi a kilomita 150,000, sababbin 1GD da 2GD da suka fito daga 2015 kuwa sarƙa ne. Bel idan ya tsinke inji na gudu, a yawancin dizal fistin da bawul karo suke yi, aikin ya zama na sauke inji.

Taya ma tana da nata lissafin. Kowacce an rubuta iyakar nauyin da take ɗauka a gefenta, kuma tayar ƙaramar mota ba ta zama a a-kori-kura mai lodi don kawai ta shiga rim. Nemi mai lambar nauyi daidai da wadda kamfani ya rubuta ko sama, irin masu alamar LT ko C. Lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe. Farantin ƙofa yana ba da awon iska biyu, na wayam da na lodi. Ƙara idan za ka ɗauki kaya, rage idan ka sauke. Su manyan tayoyin ado da ɗaga mota sama kuwa, ni ban ga abin da suke ƙara wa mai sana'a ba sai shan mai da cin boris da sauƙin kifewa.

Wani abu da sababbin masu a-kori-kura ba sa zato: tana da nata haɗarin idan babu kaya. Bayanta ba nauyi, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. A jiƙaƙƙiyar kwalta, ka taka totur da ƙarfi a kwana, bayan zai wulwulo ya nemi wuce gaba. Da kaya kuma nisan tsayawarta ƙaruwa yake, a gangara sai ka sauko da giya, kada ka jingina da birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Kaya mai nauyi a matsa shi jikin gidan direba, a tsakiya, a ɗaure da igiyar lodi ta gaske a maratayan da aka tanada.

Idan Allah ya sa ka saya, makon farko kada ka yarda da kowane "an riga an yi" da babu takarda. Juye baƙin mai da matatarsa, man aksul gaba da baya, na giyabos, na akwatin fowil, man birki da ruwan lagireto, canja matatar iska da ta mai, bel ɗin taimin ma idan mai bel ce kuma babu shaidar ranar da aka canja. Rubuta kwanan wata da lambar mita a ɗan littafi ka ajiye a motar. Daga nan cika tanki, zuba kayan aikin da kullum za su zauna a ciki, ka hau da ita sikelin auna manyan motoci kana zaune a kujerarka. Cire abin da sikelin ya nuna daga lambar farantin ƙofa, ka rubuta sakamakon da alƙalami mai kauri a cikin marfin baya, inda masu yi maka lodi za su gani.